Daga Unguwar Sarki Zuwa Shika da Mai Ƙoda Ɗaya

Mai lafiya yana auna hanyar Kaduna zuwa Zariya da kilomita, ya ce 80 ne ko kusa da haka. Mai gudawa kuwa da gidajen mai yake auna ta: wanne ke da banɗaki, wanne banɗakinsa ke da ruwa, wanne sai an zaga an nemo mai makulli. Irin wannan lissafin muka zauna muka yi da direba tun da daddare, domin Kawuna da za mu kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, cikinsa ya kwana huɗu bai ɗaure ba.

Kawu ɗan fansho ne. Gidansa yana Unguwar Sarki, a wani layi bayan titin Ali Akilu, dab da Masallacin Sultan Bello, har ba ya neman agogo don sanin lokacin salla. Watannin baya aka cire masa ƙodar hagu saboda ciwon daji. Tiyata ta yi kyau, ɗinki ya kame, hoton da aka ɗauka bayan aiki bai nuna saura ba. Sai likitoci suka ce irin tsiron da aka ciro yana cikin masu son dawowa, suka ba da shawarar a ɗora shi a kan wani magani mai zaburar da garkuwar jiki, pembrolizumab, wanda kamfanin Merck na Amurka ke sayarwa da sunan Keytruda. Ta jijiya ake zuba shi, minti 30, duk bayan mako 3, har shekara ta zagayo: zubi 17 ke nan. An yi masa biyar. Gashi bai zube ba, bai yi irin aman da muka saba gani wurin masu karɓar kemo ba, har dangi suka fara cewa ai wannan maganin manya ne, ba ya wahalar da jiki. Ana cikin haka ciki ya tsinke.

Na isa gidan bayan sallar asuba. Hajiya, matar Kawu, ta tare ni a tsakar gida riƙe da littafin rubutu na jikarta, irin na 'yan firamare. A shafin ƙarshe ta ja layuka, kowace rana da gidanta, cikin kowane gida ta jera 'yan sanduna da biro. Alhamis uku. Juma'a biyar. Asabar shida. Lahadi bakwai.

"Ai ba ya faɗa," in ji ta. "Ƙarar buta nake saurare. Da na ji an cika ta sai in zo in ja ɗaya. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu."

Na shiga na durƙusa. "Kawu, kun tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Haka ya ce da ni, haka ya ce da limamin layinsu, haka kuma ya ce da likita a waya ranar Lahadi, kafin Hajiya ta karɓe wayar ta karanto abin da ke littafi. Ban ga laifinsa ba. Dattijo ba ya zama gaban ɗan ƙanwarsa yana lissafin zagayawarsa, kuma an rene mu a kan cewa namiji ba ya raki. Sai dai a kan wannan magani, haƙurin da 'yan dubiya ke yabo yana iya kai mutum kushewa. Likita adadi yake nema: sau nawa a rana fiye da yadda aka saba, da jini ko majina, ciki na murɗawa, yana tayar da mutum cikin dare? Ƙa'idar da likitocin daji ke bi ita ce, idan ƙarin ya kai 4 zuwa 6 a rana a dakatar da maganin a bincika, idan ya kai 7 ko ya haura a ba mutum gado. Likitar ta ce a kawo shi da sassafe, in kuma jini ko zazzaɓi ya ɓullo cikin dare, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti mafi kusa.

Hajiya ta loda buta biyu, jarkar ruwa, tabarma, zani da gorar ruwan gishiri da sukari. Kawu ya fito sanye da rigar sanyi a tsakiyar bazara.

Muka bi ta gaban masallacin, wanda aka gina a 1962. Kawu yana cikin waɗanda suka zauna tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a nan, kuma shi ya tuna mana cewa Malam ma dajin jini ne ajalinsa, a Landan, cikin Satumban 1992. A wannan shekarar ce, a Jami'ar Kyoto ta Japan, Tasuku Honjo da ɗalibansa suka gano wani abu a jikin dakarun jini da suka sa wa suna PD-1, kuma daga nan maganin da ke yawo a jijiyar Kawu ya samo asali.

Jikin ɗan Adam yana da dakarun da ke zagaye suna farautar baƙon abu, ƙwayar cuta ce ko nama ne da ya fara tsiro ba bisa ƙa'ida ba. Don kada su auka wa jikin da suke tsaro, an halicce su da wata alama wadda idan lafiyayyen nama ya taɓa ta sai su janye. Ciwon daji ya iya taɓa wannan alama, sai dakarun su wuce shi. Honjo da Ba'amurke James Allison, wanda ya yi aiki a kan wata alamar mai suna CTLA-4, suka nuna cewa idan aka toshe su, garkuwar jiki takan juyo kan ciwon. An ba su kyautar Nobel a 2018. Maganin farko na wannan dangi ya fito a Amurka a 2011, na Kawu a 2014.

Kamar a ce wa 'yan sintirin unguwa daga yau kada su saurari duk wanda ya ce musu ɗan gida ne. Ɓarawo zai sha kashi, amma wata rana mai gida da ya yi dare a hanya shi ma zai sha gora. A jikin Kawu hanji ne ya sha. A jikin wani fata ce, ko huhu, ko hanta, ko ƙoda, jefi-jefi har zuciya.

Ranar Juma'a da ya kasa fita masallaci, aka aiki wani jikansa kemis. Mai kemis ya tambaya ko Baba ya sha mangwaro. Ya haɗo Flagyl, da ƙwayar tsayar da zawo, da maganin taifot, da diclofenac saboda murɗar ciki. Ba mugunta ya yi ba. Yawancin masu zuwa masa da wannan kuka a bazara haka yake haɗa musu, su tafi su warke, kuma yaron bai san sunan maganin da ake zuba wa kakansa ba balle ya faɗa. Hajiya ta ba Kawu ukun farko, ta ɓoye na huɗun, saboda tun ranar sallama daga tiyata aka gargaɗe ta cewa mai ƙoda ɗaya ba ya wasa da diclofenac ko ibuprofen, balle ruwan jikinsa na zuba.

Ukun ma ba su da wurin zama a nan. Ƙwayar tsayar da zawo tana rage fita, hanji kuwa yana can yana ci gaba da kumbura, sai ta ɓata lissafin da likita ya dogara da shi; hanjin da aka bari haka yana iya hujewa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ya taɓa kumburin da garkuwar jiki ta haddasa. Har akwai wani binciken cibiyar Gustave Roussy ta Faransa da mujallar Science ta buga a 2018, wanda ya nuna cewa masu dajin huhu da na ƙoda da suka sha irin waɗannan magunguna dab da fara wannan jinya ba su ci moriyarta kamar sauran ba, domin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji suna da hannu a aikin garkuwa.

A nan babbar matsalarmu take, a ganina. Duk illar da maganin nan ke kawowa tana da wata tsohuwar cuta a garin nan da za a laƙaba mata. Zazzaɓi a Kaduna maleriya da taifot ne tun kafin a ɗebi jini. Tari da sarƙewar numfashi, hazo ne ko mura. Ido ya yi rawaya, shawara ce, a nemo sassaƙe. Ƙuraje da ƙaiƙayi, zafi ne. Ƙishirwa da yawan fitsari, ai rana ake yi. Ga mai karɓar wannan magani kowanne cikinsu yana iya zama kumburin huhu, ko na hanta, ko ciwon sukari da ya faɗo rana ɗaya. Kuma sauro bai daina cizonsa ba, amiba ba ta daina shiga ruwansa ba, saboda haka dole a gwada duka biyun. Illar tana iya ɓullowa a makon farko, tana iya jira sai watanni bayan zubin ƙarshe, lokacin da kowa ya manta.

Muka haye gadar Kawo da aka buɗe a 2022, yaran mota a ƙasa suna ta kiran Zariya da Kano. A Rigachikun, wajen filin baje koli, Kawu ya kau da kai daga taga. Fulotinsa na nan ne aka sayar aka fara sayen maganin.

Mun ɗan wuce Mararrabar Jos ya taɓa kafaɗar direba. Gidan man yana cikin lissafinmu. Hajiya ta yi gaba da buta, ni na tsaya riƙe da ƙofar da ba ta da sakata, na juya baya ina kallon tireloli. Da ya fito gumi ya jiƙa wuyan rigar sanyin. Ta miƙa masa gorar, ta yi ƙasa da murya.

"Alhaji, da jini?"

Ya girgiza kai. Ta buɗe littafi a kan gwiwa ta ja sanda.

Sai wajen Jaji ya sake magana. "Kai ɗan jarida. An ce an cire. Hoto ya ce babu. To wa ake yaƙa a cikina?"

Na ce masa abin da hoto ba ya gani ake tsoro, 'yan ɓurɓushin da ƙila suka bi jini kafin a yi aiki. Na kuma gaya masa alƙaluman, tunda shi ya biya kuɗin. Gwajin da ya sa aka amince da maganin ga masu irin larurarsa an yi shi a kan mutum 994, ƙarƙashin jagorancin Dakta Toni Choueiri na Boston, aka buga sakamakon a 2021. Bayan shekara 2, cikin kowane 100 da suka karɓi maganin 77 ciwon bai dawo musu ba. Cikin waɗanda ba su karɓa ba, 68. A 2024 aka sake duba su: bayan shekara 4, masu rai 91 ne a ɓangaren magani, 86 a ɗaya ɓangaren. Kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da illa mai tsanani, kusan ɗaya cikin biyar kuma ya ajiye maganin kafin shekara ta cika.

Riba ce ta gaske, kuma kafin wannan babu maganin da ya nuna yana ƙara tsawon kwana bayan cire dajin ƙoda. Amma duk wanda zai sayar da fili ya kamata a zaunar da shi a gaya masa cewa yawancin masu irin halinsa ko ba magani za su wuce shekara biyun nan lafiya, cewa babu mai iya nuna masa ko yana cikin 'yan kaɗan ɗin da maganin zai ceta, kuma yawancin waɗanda aka yi gwajin a kansu Turawa ne, a garuruwan da ba a fara zuwa kemis kafin likita.

Don in ƙarfafa masa gwiwa na kawo labarin Jimmy Carter: a 2015, yana da shekara 90, dajin fata ya bazu masa, aka yanke wani ɓangare na hantarsa, aka gasa tabo huɗu a ƙwaƙwalwarsa, aka ɗora shi a kan wannan maganin, kafin ƙarshen shekarar hoto ya nuna babu komai, kuma bai rasu ba sai Disambar 2024 yana da 100 cif.

"Wanda suka yi yaƙi da kurkunu shi da Gowon?"

"Shi fa, Kawu."

"To, shi ai ba a Unguwar Sarki ya yi jinya ba."

Direba ya yi dariya har da dukan sitiyari.

Rigar sanyin da ke jikinsa ita ma aikin maganin ce. Bayan zubi na uku ya fara jin ɗari ana zafi, barci na ɗaukarsa a zaune bayan la'asar, fuska ta ɗan kumbura, murya ta yi nauyi. Wasu suka ce tsufa, wasu suka ce jini ne ya yi ƙasa, aka shiga dafa masa hanta da zogale. Gwajin jini ne ya nuna cewa tayirod, ƙullutun da ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, ya daina aiki yadda ya kamata. A gwajin da na ambata, kusan ɗaya cikin biyar haka ta same shi. Maganinsa ƙwaya ɗaya ce 'yar mitsitsiya, levothyroxine, kullum da asuba kafin a sa komai a ciki, a jira aƙalla rabin awa kafin koko ko shayi. Mai sauƙi ne, sai dai yawanci har ƙarshen rayuwa. Hanji yakan warke. Tayirod da garkuwar jiki ta cinye ba kasafai yake dawowa ba.

'Yan dubiya kuwa ba mai zuwa hannu rabbana. Wannan habbatus-sauda, wancan zuma da tafarnuwa, wata jiƙo a gorar lemo daga wani mai magani da ta rantse ya warkar da maƙwabciyarta. Kusan duk da alkawari ɗaya suke zuwa, irin wanda masu lasifika ke yi a bakin kasuwa: yana ƙara garkuwar jiki. Alhali garkuwar Kawu yawa ta yi. Ga kuma ƙoda ɗaya da hanta da ake aunawa kafin kowane zubi. In lambarsu ta tashi alhali yana shan jiƙon da ba a san haɗinsa ba, likita ba za ta iya rarrabe mai laifi ba. Hajiya ba ta mayar da hannun kowa. Takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta amsa addu'a, in baƙi sun tafi ta jera a kan sif. Sif ɗin ya kusa cika.

Muka shiga Zariya ta Ɗan Magaji, muka bi Kwangila, muka ratsa Samaru ta ƙofar jami'a, sai Shika a kan hanyar Funtuwa, inda asibitin ya tare tun 2005. A sashen masu ciwon daji mata sun fi yawa a benci, masu na mama da na bakin mahaifa, wasu daga Katsina, wasu daga Zamfara, kowace da 'yar rakiya da ƙullin kaya. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ce a shekara Najeriya na samun sabbin masu ciwon sama da 127,000, kusan 80,000 kuma na rasuwa. Asusun tallafin jinyar daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma da asibitoci shida, har da wannan, amma a kan dajin mama da bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Na ƙoda ba ya ciki. Na dubi bencin nan na san wahalar da ta kawo mu, wahala ce da yawancinsu ba su da kuɗin sayenta.

Likitar ba ta kai 'yar Kawu ta biyu a shekaru ba. Ta gaishe shi da ladabi, "Baba, sannu da hanya," sannan ta miƙa hannu wajen Hajiya: "Mama, ina littafin?" Ta ƙirga sandunan da bakin biro. Ta danna cikinsa gefe-gefe tana kallon fuskarsa, ta auna jininsa a kwance, ta sake aunawa a tsaye. Ta tambayi abin da aka sha daga kemis, Hajiya ta zazzage ledar a kan tebur. Aka ɗebi jini don duba ƙoda, hanta, sukari, gishirin jiki, tayirod da maleriya, aka kai bayan gida ɗakin gwaji.

Yamma ta yi kafin sakamako ya haɗu. Babu maleriya, ba a ga amiba ba. Lambar ƙoda ta ɗan hau saboda ruwan da ya zuba, don haka aka rataya masa leda biyu. Sannan ta yanke: zubi na shida ya dakata, a ajiye kayan kemis, a fara prednisolone, miligiram ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa. Kawu kilo 65 ne, ƙwayar kuma mai miligiram 5 ce, wato 13 kowace safiya bayan karin kumallo. Hajiya ta zaro ido. Likitar ta zana mata jadawali a sabon shafi na littafin jikar, yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali cikin mako 4 zuwa 6.

A kan wannan ta fi daɗewa tana bayani, kuma na fahimci dalili. Prednisolone ba shi da tsada, kowane kemis akwai shi. Cikin 'yan kwanaki ciki zai lafa, cin abinci ya buɗe, mutum ya ji garau ya ce ya warke, ya watsar. Wanda ya yanke shi rana ɗaya, kumburin yakan dawo da ƙarfi, kuma jikin da ya saba da samunsa daga waje yana iya durƙushewa, jini ya faɗi warwas. Yana tayar da sukari da hawan jini, yana hana barci, yana danne zazzaɓi har cuta ta yi nisa ba a sani ba. Idan kwana 3 zuwa 5 suka wuce babu canji, sai gado, da leƙa hanji da na'ura, da wani magani mai suna infliximab. Shi kuma wannan yana farkar da tarin fuka da ciwon hanta da suka kwanta a jiki, shi ya sa ta rubuta hoton ƙirji da gwajin hanta tun yanzu. A ƙasar da binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wannan ba gwajin cika takarda ba ne.

Kawu ya yi gyaran murya. "Likita, wannan ƙwayar ba za ta wanke abin da aka zuba mini ba? Kuɗi ne fa."

Ta ce masa maganin da aka zuba ya riga ya tayar da garkuwar, aikinsa ba ya ƙarewa ranar da aka dakatar, kuma hanjin da ya huje ba ya jiran a gama lissafin riba.

Kafin mu fito ta ɗauki kati ta rubuta sunan maganin, ranar zubin ƙarshe, cewa ƙodarsa ɗaya ce kuma yana kan prednisolone, da lambar da za a kira kafin a ba shi maganin zawo, na ciwon jiki ko na zazzaɓi. A Ingila irin wannan kati ake ba duk mai karɓar maganin ya riƙa yawo da shi. A Samaru muka tsaya wani shagon kwamfuta, na rubuta shi da Hausa a bayansa, aka buga uku aka lulluɓe da leda. Ɗaya na aljihun Kawu, ɗaya na jakar Hajiya. Na ukun ta ce na mai kemis ne, ita da kanta za ta kai masa, ba don faɗa ba, don gobe ma wurinsa za a aiki yaro.

Muna wuce Kwangila babban ɗan Kawu ya kira daga Abuja, aka sa wayar a amsa-kuwwa. Maganar kwalba ce. Zubi na shida an riga an biya, yana ajiye a firjin wani kantin magani mai sola a cikin gari, domin sai a sanyin digiri 2 zuwa 8 yake zama, ba ya son daskarewa, firjin gida kuwa yana hannun masu wuta. A Amurka farashin kamfani na zubi ɗaya ya haura dala 10,000. A nan miliyoyin naira ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Haƙƙin mallakar kamfanin zai fara ƙarewa a 2028, wataƙila daga nan wasu su yi irinsa da rahusa, amma wannan ba lissafin Kawu ba ne.

Ɗan yana son a ci gaba da zarar an samu dama: an riga an yi nisa, kada a yi asarar biyar ɗin. Hajiya ta ce ita ta gaji da ƙirga buta, an cire ciwo, a bar bawan Allah ya huta. Na maimaita musu abin da likita ta ce, cewa ba a buɗe wannan magana sai ciki ya lafa kuma ƙwayar ta sauko zuwa biyu a rana, sannan a auna, domin wasu kumburin kan dawo musu idan an koma. Kowannensu ya ji abin da yake so a ciki.

Kawu bai sa baki ba sai da aka kashe waya. Ya ce gobe in je kantin in karanto masa ranar lalacewar da ke jikin kwalin, in kuma tambayi dillalin da ya sayar da maganin ko yana karɓar kaya idan an fasa. Na ce bari in kira shi yanzu. Dillalin ya ce kayan sanyi in sun bar hannunsa ba sa komawa, amma akwai wata mai dajin mama a Kano da 'yan uwanta ke ta haɗa kuɗi, idan Alhaji ya yanke shawara kafin ƙarshen wata zai haɗa su.